Kar a jira sai aiki ya ƙare sannan a tambaye mu

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah a ɗan ba ni fili in faɗi abin da ya daɗe yana damuna game da haɗakar ƙungiyoyin kiwon lafiya na cikin al'umma, irin wadda ake haɗa ma'aikatan asibiti da ƴan sa-kai da ƙungiyoyin mata da matasa a yi aiki tare kan rigakafi ko awon ciki ko tsafta.

Na yi shekaru ina sa-kai a irin wannan haɗaka, kuma gaskiya ba a tashi auna aikin sai ya zo gangara. Sai kuɗin tallafi sun kusa ƙarewa za ka ga an turo wani da fom mai shafi-shafi a cika, a ɗau hoto, ya tafi ya rubuta rahoton da mu ko bangonsa ba ma gani. Toh wa wannan zai amfana? Ihu bayan hari ne kawai.

A tamu haɗakar wakilan mata suka riƙa janye jiki ɗaya bayan ɗaya, rajistar mitin tana nuna hakan wata da watanni amma kowa sai ya ce ai ba su damu ba ne. Sai a ƙarshe da aka zauna da wata baiwar Allah take cewa lokacin da muke sa mitin shine lokacin da take kai yara makaranta, kuma ranar da ta yi ƙoƙari ta zo manyan ƙungiyoyi masu kuɗi ne suka cinye maganar, sau 2 tana ɗaga hannu ba wanda ya kalle ta, shikenan ta haƙura. Wallahi ranar na ji kunya sosai, don da a wata na biyu muka tambaye ta da canza lokaci kawai za mu yi mu riƙe su.

Kuma fa ba sabon abu nake kawowa ba. Tun 1978 a taron kiwon lafiya da WHO da UNICEF suka shirya a birnin Alma-Ata aka amince jama'a na da haƙƙin shiga tsara harkar lafiyarsu da aiwatar da ita. Tsarin auna ayyukan lafiya da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka wato CDC ta fitar a 1999 matakinsa na farko ma shine a jawo waɗanda abin ya shafa. Amma wanda ya fi tsaya min a rai shine lokacin Ebola a gabashin Kwango daga 2018 zuwa 2020, ƴan sa-kai na Red Cross suna bi gida-gida suna rubuta tambayoyi da jita-jita da ƙorafin mutane, da aka ji ana zargin ba gawa a cikin jakunkunan da ake binnewa sai aka kawo jakar da dangi za su iya hango mamacinsu. Ana cikin annobar aka gyara, ba a jira rahoton ƙarshe ba.

Ni dai roƙona a ware ko minti 10 ne ƙarshen kowane mitin a tambayi me ke tafiya me ya cije, mai jin nauyin magana a gaban manya ya rubuta a takarda ba suna ko ya tura saƙo ta waya, wanda ya daina zuwa a kira shi a ji dalili. Sannan mitin na gaba shugabanni su fara da cewa ga abin da kuka ce ga abin da muka yi, wanda ba mu iya ba ga dalili, don in mutum ya yi magana sau ɗaya sau biyu ya ji shiru ba zai ƙara ba. Masu ba da tallafi su ma dan Allah su daina ɗaukar ƙorafi a matsayin gazawa, tsoron a yanke kuɗi ne ke sa ake ɓoye matsala a rubuta komai lafiya lau.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
wani ɗan sa-kai mai karanta jaridarku