A bar yara su jefa kwabo kafin a ba su ƙa'idar lissafin yiwuwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin 'yan uwanmu malaman lissafi na ƙananan sakandare kan yadda ake koyar da lissafin yiwuwar aukuwar abu.

Galibi malami yakan rubuta ƙa'ida a allo: a ƙirga hanyoyin da abin da ake nema zai fito, a raba da jimillar duk abin da zai iya fitowa. Yara su haddace, a wuce. Ƙa'idar daidai take, amma tana da sharaɗin da ake yawan mantawa, wato dole kowane sakamako ya zama damarsa ɗaya da ta sauran. Yaron da bai gane wannan ba sai ya ce yiwuwar ruwan sama gobe rabi ce, tunda ko a yi ko kada a yi.

Shawararmu ita ce a fara da hannu. A aji mai yara 40, a raba su bibbiyu, ɗaya ya jefa kwabo sau 50, ɗaya ya riƙa jan layi a takarda duk lokacin da gaban kwabon ya fito. Wasu za su samu 20, wasu 29, kaɗan ne za su samu 25 cif. A nan gardama takan tashi, kuma ita ake so. Sai a tara sakamakon rukunoni 20 ɗin a allo, jifa 1,000 ke nan, yara su gani da idonsu jimillar ta matso kusa da rabi. John Kerrich, wani masanin lissafi da aka tsare a Denmak lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya jefa kwabo sau 10,000, gaba ya fito sau 5,067. Ko shi bai samu rabi daidai ba, amma tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Daga nan sai kwabo biyu, kuma nan ne malami ya kamata ya daɗe. Tambayi yara abin da zai iya fitowa, za su ce uku ne: gaba biyu, baya biyu, ko ɗaya gaba ɗaya baya, saboda haka kowanne 1/3. Kuskure ne, kuma ba na yara kaɗai ba, domin d'Alembert, babban masanin lissafi na Faransa, ya yi irinsa a 1754. Maganinsa a ɗiga wa kwabo guda jan fenti don a bambanta su. Nan take za a ga cewa mai fenti gaba, ɗayan baya, daban yake da mai fenti baya, ɗayan gaba. Sakamako huɗu ne, gaurayen kuwa 2/4 yake, wato rabi.

Haka ma 'ya'yan ludo biyu, waɗanda ake jefawa masu lamba 1 zuwa 6. A zana jadawali mai gida shida a tsaye, shida a kwance, yara su cike gidaje 36 ɗin da jimillar lambobin. Za su tarar 7 ta bayyana sau shida, 2 da 12 kuwa sau ɗai-ɗai. Ke nan yiwuwar 7 ita ce 6/36, ko 1/6, ta 12 kuma 1/36.

Akwai kuma tunanin nan na cewa idan gaba ya fito sau biyar a jere, to lokacin fitowar baya ya yi. Kwabo ba ya tuna jifan da ya wuce. Na shida ma rabi ne. Amma a jaka lamarin yana canzawa, kuma wajibi ne a nuna bambancin a rana guda. Zuba murafun kwalba 10 a jakar da ba a ganin cikinta, 3 ja, 7 fari. In an zaro ɗaya aka mayar, aka girgiza, yiwuwar ja sau biyu ita ce 3/10 sau 3/10, wato 9/100. In an zaro ja ba a mayar ba, jajaye sun koma 2 cikin 9, amsa ta zama 3/10 sau 2/9, wato 1/15. Yara da yawa sukan rage na sama su manta na ƙasa, su rubuta 2/10. A sa su juye jakar su ƙirga abin da ya saura.

Muna kuma roƙon a saba wa yara duba amsarsu kafin su miƙa takarda. Yiwuwa ba ta yin ƙasa da 0, ba ta wuce 1. Wanda ya samu 7/6 ya san ko ya juya lambobin, ko ya tara inda ya kamata ya ninka. Darasi biyu na minti 40 sun isa a yi aikin kwabo da na jaka, jadawalin ludo kuma a bayar a yi a gida.

Mun gode.

Daga wasu malaman lissafi na ƙaramar sakandare