Kafin a yi wa Baba tiyata

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Na ga saƙonka cewa hoton CT, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka a asibiti, ya nuna tsakuwar ƙodarsa ta wuce santimita 2, kuma likita ya ce za a huda ta baya a zura madubi a farfasa ta. Ka kwantar da hankalinka, tun 1976 ake yin wannan aiki, kuma shi aka fi so ga manyan tsakuwoyi.

Alfarma ɗaya nake nema: ka tambayi likitan matakin da tsakuwar take. Girma kaɗai ba ya nuna wahalar aiki. Akwai ma'aunin da likitocin asibitin Guy's na Landan suka fitar a 2011, mai matakai 4. Tsakuwa guda a tsakiya ko ƙasan ƙoda mai lafiyayyar halitta, mataki na 1 ke nan. Idan a sama take, ko suna da yawa, an shiga na 2. Na 4 kuwa ita ce wadda ta yi rassa ta cika lungunan ƙodar gaba ɗaya. A binciken farko, kashi 81 cikin ɗari na 'yan mataki na 1 sun rabu da tsakuwa tas, amma 'yan na 4 kashi 29 kacal. Ka ga tazarar.

Wasu likitocin sun fi son ma'aunin S.T.O.N.E. na 2013, wanda ke ba da maki daga 5 zuwa 13. Shi har taurin tsakuwar yake dubawa, da toshewar hanyar fitsari, da nisan da ke tsakanin fata da tsakuwa, domin mai ƙiba ramin da za a bi a jikinsa ya fi tsawo. Ko wanne likitanku ya ɗauka, babu laifi.

Dalilin nacina, a wurin aiki nakan ga iyalai zaune a bakin ɗakin tiyata, likita ya fito da 'yan ɓarɓashi a kwalba ya ce saura, sai an sake shiga. Nan take fuskoki su canza, a fara zargin ganganci, alhali tun a hoto an san da wuya a kwashe a karo ɗaya. Da an faɗa musu tun farko, da sun shirya zuciya da aljihu.

Sai dai kowanne cikin ma'aunan biyu ya fi ƙwarewa wajen hasashen ko za a kwashe tsakuwar duka, bai kai haka ba a kan zubar jini ko zazzaɓi bayan aiki. Don haka ka tabbatar an gwada fitsarinsa an magance ƙwayoyin cuta kafin ranar, ka kuma sanar da su idan yana shan maganin tsinka jini.

Da zarar ka ji matakin, ka rubuto min. Ka gaishe min da Baba da Mama da maiɗakinka. Muna ta addu'a.

Naka,
Amininka