Rahoton shekara ga membobi: wuta, ruwa da maganar mita

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai da 'yan'uwa na Aboabo da Asawase a Kumasi. Ga abin da kwamitinku ya yi bana.

Yawancin ƙarfinmu wayar da kai ya tafi, don mun lura da yawa cikinmu suna ɗaukar wutar lantarki da ruwan famfo kamar alfarma ake mana. Wallahi haƙƙi ne, kuɗinmu muke biya. Abubuwa ne da gari ba ya zaunuwa sai da su, kuma ba tumatirin kasuwar Kejetia ba ne da in mai shi ya tsawwala sai ka matsa teburin gaba, waya ɗaya ce ta shigo layinku, bututu ma ɗaya, shi ya sa tun 1997 gwamnati ta kafa hukumar PURC, ita ke yanke farashin wuta da na ruwa kuma ita ke karɓar ƙara in an kai koke kamfani ba a share hawaye ba. Kamfanin raba wuta na ECG ba shi da ikon ƙara kuɗin yunit da kansa.

Inda muka fi daɗewa shi ne mita. Akwai rangwamen da aka ware wa mai ƙaramin ƙarfi, wanda bai wuce yunit 30 a wata ba, to amma gidajen hayarmu ɗaki goma mita ɗaya, kafin sati ya zagayo an haura talatin ɗin, sai tsohuwa mai ƙwan fitila ɗaya da fanka ta biya daidai da mai firiza biyu, ƙarshen wata kuma rigima. Wannan abu yana mana ciwo. Mun taya mutane cike fom na neman mitar kansu, mun zauna da masu gidaje, wasu sun samu wasu na jira har yanzu.

Ruwa kuwa daga madatsun ruwa na Barekese da Owabi yake zuwa mana, kuma galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, a kogin Offin na ƙara tsadar tace shi, mun ja kunnen samarinmu a kan haka. Mun yi gayyar share kwalbati kafin damina.

Masu jan wuta ta bayan mita, don Allah ku bari, gobara ba ta tsayawa ɗakin mai laifi, kuma ƙungiya ba za ta tsaya wa kowa ba.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a taro mai zuwa bayan la'asar. Duk mai matsalar bil ya taho da rasit ɗinsa da lambar mita.