Game da rahotonku kan masu noman wiwi da "ƙasa mai rai"

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina da ƙorafi kan rahoton da kuka buga game da manoman tabar wiwi masu lasisi a Amurka da Kanada, waɗanda ke cewa suna noma a "ƙasa mai rai", babu huɗa, babu takin zamani, babu feshi. Wakilinku ya ɗauki maganar a matsayin dabarar 'yan kasuwa, irin ta mai laƙaba wa kayansa suna mai daɗi don ya tsuga kuɗi. Akwai masu yin haka, ban musa ba. Amma ni da na shekara huɗu ina bin wannan hanya a komayen lambuna, gani nake an yi tuya an manta da albasa. An yi ta magana kan ganye, ba a ce uffan ba kan ƙasar da ya fito daga cikinta.

Kafin wani ya yi mini wata fassara: ban taɓa shuka wiwi ba, ba na shan sa, ba na kuma kiran kowa ya shuka. A mafi yawan ƙasashen duniya noman sa laifi ne, wanda ya taka doka kuwa shi ya jiyo. Tumatir da barkono da latas nake nomawa a bayan gida. Sai dai malamai sun ce hikima ɓataccen kayan mumini ce, duk inda ya gan ta sai ya ɗauka. Ni a rubuce-rubucen waɗannan manoma na tsinci tawa, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Abin da ya kamata wakilinku ya tambaya shi ne, me ya sa su, a cikin dukan manoma, suka fi kowa tsananta wa kansu kan ƙasa? Amsar tana jikin tsiron. Wiwi shuka ce mai zuƙa. Abin da ke cikin ƙasa, mai kyau da marar kyau, tana janyo shi zuwa jikinta, har da ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam. Saboda wannan hali nata ne aka shuka nau'inta marar bugarwa a kusa da Chernobyl a ƙarshen shekarun 1990, don a gwada tsotse dattin da hatsarin nukiliya na 1986 ya bari a ƙasa. To da jihohin Colorado da Washington suka halatta ta a 2012, Uruguay ta bi a 2013, Kanada kuma a ranar 17 ga Oktoba 2018, sai abin da ake yi a ɓoye ya koma ƙarƙashin idon hukuma. Kafin a sayar, sai an kai samfur ɗakin gwaji an duba ƙarafa, an duba ragowar maganin ƙwari, an duba fumfuna. Wanda kayansa ya faɗi gwaji, ya yi asarar noman kaka guda.

Akwai wani maganin fumfuna, myclobutanil, da ake fesa wa inabi ba tare da wata hayaniya ba. Amma idan wuta ta taɓa shi yana fitar da iskar sayanayid mai guba. Inabi ci ake yi, wiwi kuwa kunna masa wuta ake yi. A tsakanin 2016 da 2017 sai da aka janye wasu kayan wiwi na magani daga kasuwa a Kanada saboda an sami wannan sinadari a jikinsu. Ka ga ke nan ba ƙaunar tsutsa ce ta fara kai su ga ƙasa mai rai ba. Tilas ce, wadda ba ta rasa ɗakin kwana. Ƙari a kan haka, a Amurka ba za su iya samun hatimin noman da babu sinadari na ma'aikatar gona ta tarayya ba, domin dokar tarayya ba ta halatta abin da suke nomawa ba, har sai da jihar California ta ƙirƙiro nata tsarin mai suna OCal. Wanda ba shi da hatimin nunawa, dole ya yi ta bayanin yadda yake noma. Daga wannan yawan bayani nasu irina suka amfana.

Ba su suka ƙirƙiro barin huɗa ba. Bayan guguwar ƙura ta shekarun 1930 ta kwashe saman gonakin tsakiyar Amurka, manoma suka fara zargin garma. Harry Young ya shuka masara ba tare da huɗa ba a Kentucky a 1962. Herbert Bartz ya fara a jihar Paraná ta Brazil a 1972, bayan ya gaji da kallon ruwan sama yana tafiya da gonarsa. A Japan, Masanobu Fukuoka ya yi shekaru da dama yana noman shinkafa da sha'ir bai taɓa juya ƙasa ba. Sai dai a nan akwai wani abu da masu yabon tsarin ba su cika faɗa ba: yawancin manyan gonakin da suka ajiye garma, da maganin kashe ciyawa suka maye gurbinta, musamman glyphosate. Barin huɗa daban, barin sinadari daban. Abin da ƙananan manoman wiwi suka yi shi ne haɗa biyun a komi ɗaya, suka kuma rubuta kowane mataki dalla-dalla.

Ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙafarmu. Shuka tana haɗa sukari a ganye da hasken rana, amma ba ta cinye shi duka. Wani kaso tana tsiyayar da shi ta saiwa, da gangan, don ta tara baƙi. Bakteriya su taru su sha; a cikin ƙaramin cokali ɗaya na ƙasa mai lafiya ana iya samun su daga miliyan 100 har zuwa biliyan ɗaya. Wasu halittu da suka ɗan fi su girma su zo su cinye su, su yi kashi, kashin nan kuwa naitirojin ne a daidai bakin saiwa, a siffar da shuka ke iya sha. Akwai kuma wani irin naman gwari da ake kira maikoraiza, mai zare siriri fiye da gashi, wanda ke shiga cikin saiwa ya miƙa zarensa can inda saiwar ba ta kaiwa, ya ɗebo mata fosfaras da ruwa, ita kuma ta biya shi da sukari. Ciniki ne, ba kyauta ba. A 1996 wata masaniya a ma'aikatar gona ta Amurka, Sara Wright, ta gano wani abu mai danƙo da ke tattare da wannan zare, ta sa masa suna glomalin, wanda ke taimakawa wajen manne ƙwayoyin ƙasa su zama 'yan dunƙule masu ƙofofin shan iska da ruwa.

Yanzu ka kawo garma ko fartanya ka kifar da wannan duka. Zaren ya tsinke. Ramukan tana sun rushe. Ruɓaɓɓen ganyen da ke kwance a ƙasa ya haɗu da iska mai yawa lokaci ɗaya, bakteriya su cinye shi da gaggawa, ya tashi sama a iska. Shi ya sa sabuwar huɗa take ba da yabanya mai kyau a shekarar farko da ta biyu, daga baya ƙasar ta fara taurin kai. Jarinka kake ci kana zaton riba ce. Haka kuma idan ka zuba takin zamani mai fosfaras da yawa, shuka ta daina biyan naman gwarin, don me za ta sayi abin da aka kawo mata har gida? Ranar da takin ya yanke, ba ta da ɗan aike.

Abin da na kwaikwaya daga wurinsu ba shi da wuyar faɗa. Bayan girbi ba a tuge shuka. A yanke ta a gindi a bar saiwar ta ruɓe a inda take, ta zama hanyar saiwar gaba. Ba a barin ƙasa tsirara, kullum a lulluɓe take da busasshiyar ciyawa ko ganye. Taki a sama ake zuba shi, ba a cuɗa shi ciki, tana ce ke da aikin saukar da shi. A tsakanin shuka a warwatsa irin dangin wake, masu ƙulle-ƙulle a saiwa inda bakteriya ke kamo naitirojin daga iska, idan sun tashi a sare su a bar su a wurin. Su da ke noma a cikin ɗaki, ƙasar da suka cika babban akwati da ita ba sa zubarwa. A cikinta za su yi ta shuka shekara da shekaru. Shi ke nan.

Faɗa da sauƙi, yi da wuya. Shekarar farko na sami garin katako buhu uku, na ce ai ga abincin ƙasa. Maimakon in shimfiɗa a sama, sai zumuɗi ya sa na cuɗa shi da ƙasar komi biyu. Cikin mako uku ganyen barkonon ya koma rawaya tun daga ƙasa, ya tsaya cik kamar an ɗaure shi. Ashe ƙwayoyin da ke ruɓar da katako naitirojin suke bukata, kuma na cikin ƙasar suka wawushe suka bar shukar da yunwa. Laifina ne, ni na karya doka ta farko da hannuna.

Shekara ta biyu ta fi ciwo. Na sayi kashin shanu ruɓaɓɓe wajen wani mai sayarwa, baƙi ƙirin, mai sanyin ƙamshi, na shimfiɗa wa tumatir. Sai sabon toho ya fara murɗewa, ganye ya nannaɗe ya ƙanƙance kamar yatsun kuturu. Na yi zaton cuta ce, na tuge guda biyar na ƙone. Daga baya na gane irin ɓarnar da maganin ciyawa mai suna aminopyralid ke yi ke nan: a fesa wa makiyaya, saniya ta ci ciyawar, maganin ya ratsa cikinta bai mutu ba, ya zauna a kashin har bayan ya ruɓe. Ban riƙe mai sayarwar a zuciya ba, mai yiwuwa shi ma bai sani ba. Amma tun daga ranar duk takin da ya shigo lambuna sai na ɗiba a gwangwani biyu, na shuka wake a ciki, na jira mako uku. Wake ba ya ɓoye wannan guba. Idan ganyensa ya fito a miƙe, takin ya wuce. Idan ya murɗe, takin ya koma inda ya fito. A nan na fahimci tsoron da manomin wiwi ke yi wa duk abin da zai taɓa ƙasarsa. Shi ɗakin gwaji ke kama shi, ni tumatir ya kama ni.

A shekara ta uku abin ya fara biya. Wata safiya na durƙusa a komin da ya fi daɗewa ba a taɓa shi ba, na ɗaga ciyawar da hannu. Ƙarƙashinta da sanyi kamar gindin randa. Farin zare ya bi karan ciyawar ya ɗinke su da juna, sai da na ja kafin su rabu. Wasu ƙananan ƙwari farare suka yi ta tsalle. Ga tulin kashin tana ko'ina, 'yan curi-curi masu sheƙi, kowanne da rami a gefensa daidai faɗin tsinken ashana. Na cusa yatsa, ya shige har gindinsa ba tare da na danna ba, a wurin da shekara biyu baya sai da na sa ƙafa a kan shebur. Na juye bokiti ɗaya na ruwa, kafin in miƙe tsaye ya shanye, bai gangara ko'ina ba. Komin da ke kusa, wanda na ci gaba da kaftu a cikinsa don in riƙa gwadawa, ruwa ya kwanta a kansa ya yi ɓawo da rana ta fito. Na tuna masanin kimiyyar nan Charles Darwin, wanda duniya ta sani da wani abu daban, littafinsa na ƙarshe a 1881 a kan tana ya rubuta shi. Da na ji haka tun farko dariya na yi. Yanzu na daina.

Ba zan ce hanyar ba ta da aibu ba. Tana da jinkiri, mai neman amfanin bana-bana zai yi fushi da ita. Ɓera da dodon koɗi suna son lulluɓin kamar yadda tana ke son sa, kuma sun cinye mini latas ba sau ɗaya ba. Ƙasar da ta riga ta daskare kamar siminti sai an sassauta ta sau ɗaya da farko, in ba haka ba saiwa ba za ta ratsa ba. Abin da mutum zai yi a komi goma da hannunsa, ba lallai ya yiwu a hekta ɗari ba sai da injin shuka na musamman. Batun da masu wiwi ke yi cewa ƙasa mai rai tana ƙara wa kayansu ƙamshi, wannan tsakaninsu da masu sayensu. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne ban ruwana ya ragu daga kullum zuwa bayan kwana biyu ko uku, kuma rabona da sayen takin zamani tun shekara ta biyu.

Don haka roƙona, Malam Edita, idan za ku sake komawa kan wannan batu, a bar wa 'yan doka da likitoci muhawarar halatta wiwi ko haramta shi, shafinta daban. A tura wakilinku wurin mai lambun da ya shekara uku bai juya ƙasarsa ba, da wanda ke huɗa kowace kaka. Ya tafi da shebur da bokiti biyu. Ya haƙa taku ɗaya a kowanne, ya zube ƙasar a kan buhu, ya ƙirga tana nawa ya gani, sa'an nan ya zuba ruwa ya duba agogo.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Wani mai ƙaramin lambu