Ɗanjuma da Ɗanjummai

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya damina a Kumasi? Mu nan Katsina sai godiya.

Na ga saƙonka kan tambayar da yaronka ya yi maka, da ya ji a rediyo ana cewa Najeriya da Nijar ɗanjuma ne da ɗanjummai. Na ji daɗi ƙwarai da ya tsaya ya tambaya. Ka faɗa masa daga sunayen rana maganar ta samo asali. Namijin da aka haifa ranar Juma'a shi ne Ɗanjuma, mace kuwa Jummai, kamar dai Ɗanladi da Ladi. Ɗanjummai kuma daga Jummai ya fito. Duk ta inda ka biyo, Juma'ar nan za ka tarar.

Amma don Allah ka ja masa kunne, kada ya riƙa faɗinta ga duk abin da ya yi kama da wani, yadda nake jin yara suna yi yanzu. Kama daban, tushe ɗaya daban. Ana faɗinta ne ga abubuwa biyu da ba sa rabuwa, in ka taɓa ɗaya sai ɗayan ya ji a jikinsa.

Dubi Katsina da Maraɗi. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, tsofaffin sarakunan Katsina arewa suka nufa suka kafa Maraɗi, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar can. Gobirawa kuma suka zauna Tsibiri. Daga baya ne Turawa suka ja layi a tsakani. Da sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, 2023, aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wuta, mu ma mun ɗanɗana kuɗarmu. Tireloli suka yi jerin gwano a Jibiya, kaya na lalacewa a ciki. Wata maƙwabciyarmu da 'yarta ta haihu a Maraɗi, sai bayan babur ta hau ta ratsa daji da ƙullin yajin jego a cinya, don kada suna ya wuce ta. Sai a watan Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren.

In an yi hutu ka turo mini shi, in kai shi Maraɗi ya gani da idonsa. Goron da ka aiko ya iso, Allah ya saka da alheri. Ka gaida uwargida da yara.

Naka har kullum,
Amininka na Katsina