Littattafan soyayyar nan fa damuwar zamaninsu suka rubuta

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan littattafan da ake ce wa adabin kasuwar Kano, don har yau in ka ambace su sai ka ga an taɓe baki wai shirmen soyayya ne da ya ɓata 'yan mata, ni kuwa da na tashi ina hayarsu a shagon unguwarmu na san ba haka abin yake ba.

A duba lokacin da suka yi tashe mana. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo SAP, wato shirin tsuke bakin aljihu don gyaran tattalin arziki, naira ta faɗi, kaya suka yi tsada, saurayi ya gama makaranta ba aiki, ga lefe ga sadaki, ga wani Alhaji ya faka mota a ƙofar gidan yarinyar da yake so. Wannan fargabar ce a cikin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, 'yar masu hali tana son talaka, a gida an ce sai mai kuɗi. Samarin lokacin kansu suka gani a ciki shi ya sa littafin ya yi ta yawo hannu zuwa hannu.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama. A 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? kan yarinyar da aka raba da karatu aka aurar wa dattijo, sannan ga Alhaki Kwikwiyo Ne, inda miji ya yi amarya ya kori uwargida da 'ya'yanta tara ta koma sayar da abinci don ta ciyar da su. Wallahi na karanta wa gwaggona wannan na biyun da daddare saboda ita ba ta yi boko ba, muna cikin karatu ta ce in dakata, ta share hawaye ta ce ai wannan matar kamar a tsakar gidanmu ta zauna. Abin da mata ba sa iya faɗa a gaban maza shi ta sa a takarda.

Ban ce duk littattafan na kirki ba ne, akwai na banza, amma da aka ƙona wasu a Kano a 2007 da sunan gyaran tarbiyya, auren dole da sakin wulaƙanci ba su ƙone tare da su ba.

Roƙona jaridarku ta buɗe shafin sharhin tsofaffin littattafan nan, ɗakunan karatu kuma su tattara su, don takardar ba ta da ƙwari, nawa ma da na ajiye a akwati gara ta cinye rabi.

Daga wata mai karanta jaridarku, Kano