Rahoton Ayyukan Shekara: Yadda Tunanin Yara Ke Bunƙasa

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Bana mun fi ba da ƙarfi wajen horar da malaman rainon yara da iyaye mata su gane inda tunanin yaro ya kai, domin ana yawan ɗaukar hadda a matsayin fahimta. Ɗan shekara 3 zai ƙirga ɗaya zuwa ashirin tiryan-tiryan, amma ka ce ya miƙo tsakuwa biyar, sai ya damƙo maka cikin hannu.

Gwaji biyu muka koyar, duka daga aikin Jean Piaget, masani ɗan ƙasar Siwizalan. Na jarirai: a nuna wa jariri abin wasa, a rufe da zane yana kallo. Kafin wata 8 galibi ba ya nema, daga baya yakan yaye zanen. Na biyu: a zuba ruwa daidai a kofi biyu iri ɗaya, yaro ya yarda daidai suke, sai a juye ɗaya cikin siririyar kwalba. Wanda bai kai shekara 7 ba yakan ce na kwalba ya fi yawa, don tsayin ruwan kawai yake kallo. Kuskuren da malamai suka fi yi shi ne maimaita tambaya. Da yaro ya ji an sake tambaya, sai ya zaci ya yi kure, ya canza amsa. A tambaya sau ɗaya, a bi da "me ya sa?", kuma ban da tsawa.

A ziyarar gidaje mun nanata nono zalla har wata 6, da gishiri mai sinadarin aidin a mazubi mai murfi nesa da murhu, saboda zafi da danshi na rage sinadarin. Mun ja kunne kan gubar dalma, wadda a 2010 ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara. Akwai kwallin da ke ɗauke da ita, kuma ko kaɗan ce tana daƙile ƙwaƙwalwa.

Batun waya, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 muka bi: ban da kallo ga wanda bai kai shekara 2 ba, daga 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana. Tatsuniya da kacici-kacici sun fi, tunda yaro na mayar da magana.

Inda muka gaza shi ne iyaye maza, don zaman hantsi ya ci karo da lokacin kasuwa da gona. Baɗi za mu mayar da nasu bayan sallar Isha'i.